Ƙugin da ke cinye gajeren zango: Yadda wayar wuta ke toshe kunnen rediyo a Hotoro da Tarauni

A gidaje da dama na Hotoro da Gyadi-Gyadi da Tarauni, mitar wutar lantarki ta zamani gida biyu ce. Ainihin mitar tana saman falwaya ko cikin akwati a bangon waje, a ɗaki kuma akwai 'yar na'ura mai madannai wadda ake loda lambobi 20 na katin wuta da ita. A wasu nau'o'in, babu wata waya ta daban da ta haɗa su. Sai an soka 'yar na'urar a soket, sannan saƙon ya bi ta cikin wayar wutar gidan har ya isa ga mitar.

Shi ya sa idan kati ya ƙi shiga, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a mayar da layin gidan kan wutar NEPA, a kashe inbata da janareta, wani lokacin har da ƙwayayen wuta da cajoji. Dalilin shi ne waɗannan kayayyaki suna zuba hayaniya a cikin wayar, har mitar ta kasa jin abin da 'yar na'urar ke faɗa mata.

Ke nan wayar wuta tana ɗaukar saƙo, tana kuma ɗaukar hayaniya. A kan wannan ne aka shafe fiye da shekara goma ana tafka rigima a Amurka da Turai, tsakanin kamfanonin da suka so sayar da intanet ta wayar lantarki da mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan gajeren zangon rediyo. Rigimar ba ta zo Kano da sunanta ba, amma abin da aka yi ta a kansa ya riga ya shigo unguwanni.

Wayar da ta koma eriya

Wutar da KEDCO ke rabawa tana kai-komo sau 50 a cikin daƙiƙa guda. Saƙon mitar kati yana hawa kanta ne a ƙaramin zango, ƙasa da kilohaz 500, saboda lambobi 20 ba su buƙatar fili mai yawa. Intanet kuwa, mai hotuna da bidiyo, tana buƙatar fili mai faɗi. Don haka masu fasahar da ake kira BPL suka ɗauki zangon da ya fara daga wajen megahaz 2 zuwa 30, wani lokacin har sama da haka.

Wannan fili kuwa yana da masu shi. Shi ne gajeren zango baki ɗaya: mita 49 da 41 da 31 da 25 da 19 da 16 da duk mai sauraron sassan Hausa na ƙasashen waje ya haddace. A nan ne jiragen sama masu ƙetare teku da hamada suke magana da ƙasa, a nan jiragen ruwa da sojoji suke da layukansu, a nan kuma masu rediyon sha'awa suke da nasu gurabun.

Matsalar ita ce ba a ƙera wayar lantarki don wannan aiki ba. Wayar dish tana da rigar ƙarfe da ke tsare siginar a ciki, wayar fiba kuma haske take ɗauka, ba ta yoyo. Wayar wuta tsirara take. Zangon megahaz 7 tsawonsa kusan mita 40 ne, kuma waya mai tsawon rubu'insa, wato mita 10, ta isa ta zama eriya mai kyau. Wayar da ta taso daga falwaya zuwa gida a Hotoro ta kai haka, wadda ke cikin silin ma ta kai. Duk abin da aka zuba mata a wannan zango, wani kaso zai fita iska.

A ɗaya ɓangaren, siginar da ta taso daga tashar BBC da ke tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika ta yi tafiyar dubban kilomitoci, ta bugi wani rufin iska mai caji a can sama ta dawo ƙasa. Kafin ta iso Tarauni ta zama raɗa. Na'urar da ke soket ɗin maƙwabci, komai ƙanƙantarta, ihu take yi a kusa da kunne.

Su wane ne masu rediyon sha'awa

Ba masu gidan rediyo ba ne, ba kuma 'yan oba-oba na jami'an tsaro ba. Mutane ne da ke karɓar lasisi, su kafa eriya a gida, su riƙa magana da takwarorinsu a wasu ƙasashe ba tare da layin waya ko data ba. Doka ta hana su kasuwanci da shi. Kowannensu yana da lambar kira, kuma harafin farko ke nuna ƙasarsa: na Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar 5U. Marigayi Sarki Hussein na Jordan yana cikinsu, lambarsa JY1, haka ma tsohon firaministan Indiya Rajiv Gandhi mai lamba VU2RG. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a Paris a 1925, kuma ƙungiyar Najeriya mai suna NARS mamba ce a cikinta.

A Najeriya ba su da yawa, kuma mutum zai iya tsufa a Kano bai taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. Amma su ne ke fara jin matsala kafin kowa, domin aikinsu shi ne farautar sigina mafi rauni, a gurabu kamar megahaz 7 zuwa 7.2 da 14 zuwa 14.35. Idan hayaniyar unguwa ta ƙaru kaɗan, mai sauraron labarai zai ɗan murɗa eriya ya ci gaba. Shi kuwa mai rediyon sha'awa, tashoshin da yake ji jiya sun ɓace ke nan.

Amfaninsu yakan fito ne ranar da komai ya tsaya. An gani a girgizar ƙasar Nepal ta 2015, an kuma gani a 2017 lokacin da guguwar Maria ta kakkarya turakun sadarwa a Puerto Rico, inda ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta nemi a turo mata masu rediyon sha'awa su riƙa isar da saƙonni. Batir da waya da akwatin rediyo kawai suke buƙata.

Yadda aka yi ta a waje

Gwajin farko da ya yi suna an yi shi ne a yankin Manchester na Ingila, inda kamfanin Nortel da wani kamfanin wuta suka haɗa gwiwa suka kafa Nor.Web a ƙarshen shekarun 1990. Ba a jima ba aka gano cewa turakun fitilun titi sun zama eriya, suna watsa bayanan masu amfani da intanet ɗin a iska. A 1999 aka rufe kamfanin. A Jamus, katafaren kamfanin wuta na RWE ya shiga harkar, ya fice a 2002.

A Amurka ne aka fi ja-in-ja. A watan Oktoban 2004 hukumar sadarwa ta FCC ta fitar da ƙa'idojin da suka buɗe wa BPL hanya. Hujjarta mai ƙarfi ce: wayar wuta ta riga ta isa kusan kowane ƙauye, don haka za a kai wa manoma intanet ba tare da haƙa rami ba. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasar, ARRL, ta garzaya kotu. A ranar 25 ga Afrilun 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta yanke cewa FCC ta saɓa ƙa'ida da ta ɓoye wasu sassa na binciken injiniyoyinta, wanda a kansa ta gina hukuncinta. Da aka fito da sassan da aka shafe, sai ga gargaɗin ma'aikatan hukumar da kansu game da katsalandan ɗin.

Kotu dai ba ita ta kashe BPL ba, kasuwa ce. Garin Manassas na jihar Virginia, wanda aka riƙa nunawa a matsayin zakaran gwajin dafi bayan ya shimfiɗa tsarin a faɗin gari a 2005, ya rufe shi a 2010 da 'yan ɗaruruwan kwastomomi. Kamfanin IBEC, wanda ya fi kowa dagewa a kan ƙauyuka, ya naɗe tabarmarsa a farkon 2012. Fiba da intanet ta wayar salula sun fi sauri, sun kuma fi araha.

Sai dai fasahar ta sauko daga falwaya ta shige ɗaki. Ta koma wasu ƙananan adafta guda biyu da ake sokawa a soket, ɗaya kusa da na'urar intanet, ɗaya a ɗakin da waifai ba ya kaiwa. Irin su ne ake sayarwa da sunan HomePlug, kuma sababbin cikinsu suna hawa har megahaz 86, dab da inda zangon FM ya fara. A Birtaniya, hukumar Ofcom ta sha karɓar ƙorafi a kansu bayan kamfanin BT ya raba su ga masu sayen tsarinsa na talabijin. Turai ta fito da ma'auni mai lamba EN 50561-1 a 2013, wanda ya wajabta wa masu ƙera su tsallake gurabun masu rediyon sha'awa, su kuma kauce wa tashar gajeren zango idan na'urar ta ji ta. Wanda ya sayi adaftar da ta bi wannan ma'auni ya rage ɓarna. Wanda ya sayi ta gwanjo ko mara suna, sai abin da hali ya yi.

Ta ƙofar baya

Intanet ɗin Kano ta turakun kamfanonin waya take zuwa, sai fiba, sai kuma Starlink da ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023. Alaƙarta da layukan lantarki ta wata fuska ce daban. A 2006 gwamnati ta bai wa kamfanonin Phase3 Telecom da Alheri Engineering damar amfani da fiba a kan manyan layukan wuta na ƙasa. Wannan hanya ba ta damun rediyo ko kaɗan, domin hasumiyar ƙarfen kawai aka ara, saƙon kansa haske ne a cikin gilashi. Idan ana maganar haɗa wuta da intanet a Arewa, wannan bambanci ne ya kamata masu tsara manufofi su riƙe.

Hayaniyar da ke cikin unguwannin Kano daga wani wuri take fitowa, kuma rashin wuta ne ya haife ta. Bayan da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, sannan Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu a watan Oktoban shekarar sakamakon lalacewar manyan layuka, duk mai ɗan hali ya koma sola. Rufin gidajen Hotoro GRA da na rukunin gidajen Tarauni shaida ne.

Inbata da na'urar cajin batirin sola da cajar waya da ƙwan LED duk dabara ɗaya suke amfani da ita: suna datsa wuta suna saki sau dubbai a daƙiƙa guda. Kowace datsa tana haifar da 'ya'yan sigina da ke hawa har cikin gajeren zango. Kamfanin kirki yakan saka matata a ciki, 'yan tarkace da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Amma a kasuwar da kowa ke neman mai sauƙi, wannan matata ce ake fara cirewa. Masu gyaran lantarki sun san allon caja da aka zana wa gurbin matatar, aka bar shi fayau ko aka haɗe shi da guntun waya. Duk wanda ya zaga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni ko titin Beirut ya san yawan cajojin da ke fita a rana. Kowace ɗaya, da zarar an soka ta, wayar gidan ce eriyarta.

Sai kuma layin kansa. Inda kusa ta saki a kan falwaya, ko kwanon tangaran da ke riƙe waya ya tsage, wuta takan riƙa tsalle a ɗan gibin, sau 100 a daƙiƙa. A rediyo ana jin sa kamar ana soya wani abu a mai. Ƙurar hunturu tana taruwa a kan kwanukan, raɓa ko yayyafin farko ya jiƙa ta, tartsatsi ya ƙaru. Ga haɗin wayar da aka murɗa da hannu, ga wayoyin da suka yi saƙar gizo-gizo a lungunan Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. Wannan tartsatsi asara ce ga kamfanin wuta kansa, kuma sau da yawa shi ne gargaɗin farko kafin waya ta tsinke ko taransifoma ta kama.

Me ya sa ba a jin koke? Saboda mutumin birni ya koma FM. Tun da Freedom Radio ta buɗe a 2003, tashoshin FM suka yawaita a Kano, kuma su ke ɗauko shirye-shiryen sassan Hausa na waje su maimaita. Zangon FM yana sama da inda mafi yawan wannan hayaniya take, kuma yanayin siginarsa ba ya ɗaukar tartsatsi kamar na AM. Wanda ya murɗa zuwa gajeren zango ya ji "shuuu" yakan ɗauka rediyon ce ta tsufa, ko tashar ce ta daina. Ba ya zargin ƙwan da ke saman kansa.

Ranar da aka kashe layi

Rediyo ta fara shiga gidajen Kano ne ta waya. A 1944 aka kawo tsarin akwatin da ake rataye wa a bango, wanda Turawan mulki ke turo wa shiri ta igiya, kuma abin da suka ga dama shi za a ji. Rediyo mai batir da gajeren zango ne suka raba mai sauraro da wannan igiya. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007. Rediyon Najeriya Kaduna an san ta a kilohaz 6090, Muryar Najeriya a 7255. Makiyayi a dajin Falgore da direban tirela a hanyar Agadez sun ji labarin juyin mulki a lokaci guda da mai kuɗin Nasarawa GRA.

Ana iya cewa wannan zamani ya wuce. Abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan ba su nuna haka ba. A watan Mayun 2013 an kashe layukan salula a Borno da Yobe da Adamawa bayan ayyana dokar ta-ɓaci. A ranar 3 ga Satumban 2021, hukumar NCC ta umarci kamfanoni su rufe layukansu a faɗin Zamfara na mako biyu, abin da ya kai watanni a wasu wurare, ya kuma bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato. A Nijar, sojoji sun dakatar da RFI a watan Agustan 2023, suka dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024. Abin da gwamnati ke iya kashewa da takarda guda shi ne turken salula da tashar FM. Siginar da ke faɗowa daga sama ba ta neman izinin kowa, shi ya sa ma da aka kafa rediyon Dandal Kura a 2015 don yankin Tafkin Chadi, gajeren zango aka zaɓa.

Su kansu masu watsawa suna janyewa. Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025 bayan umarnin Shugaba Donald Trump. Duk lokacin da wata babbar tasha ke lissafin ko ta ci gaba da biyan kuɗin gajeren zango, tambayar farko ita ce mutum nawa ke saurare. Mai sauraron da hayaniya ta kora ya fita daga lissafin, kuma idan aka rufe tashar, na ƙauye da ba shi da inbata ko ɗaya a kusa da shi ma ya rasa. Yanzu kuwa sola da cajoji masu araha sun fara cika ƙauyukan.

Ƙofar wa za a buga

Dokokin rediyo na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda Najeriya ke ciki, ba su bar wannan a duhu ba. Sashe na 15.12 ya ɗora wa kowace gwamnati nauyin ɗaukar matakin da zai hana kayan lantarki, har da layukan rarraba wuta, yin katsalandan ga sadarwar rediyo.

A gida kuwa nauyin ya rarrabu. NCC ke kula da zangon kamfanonin sadarwa da amincewa da na'urorinsu. NBC ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ke ba da lasisi ga waɗanda ba kasuwanci suke yi ba. SON ke tantance kayan da ake shigowa da su. NEMSA ke duba ingancin layuka da mitoci, NERC kuma ke sauraron ƙorafin masu sayen wuta. Dattijon da ke Daurawa wanda ya daina jin mita 31 tun ranar da maƙwabcinsa ya kafa sola, a cikin waɗannan wacce ce tasa? Kowacce tana da hujjar cewa ta gaba ce. Kuma tun da maƙwabcin bai yi da gangan ba, bai ma san yana yi ba, ba magana ce da za a kai wa mai unguwa ba.

Wurin da ya fi sauƙin toshewa shi ne bakin shigowa. Idan SON ta riƙa neman shaidar gwajin hayaniyar rediyo a kan inbata da caja da ƙwai da adaftar intanet, kamar yadda Turai ke yi, abin da zai ƙaru a farashi kaɗan ne. Idan kuma wani kamfani ya zo nan gaba da tayin tura intanet ko bayanan mitoci ta layin unguwa a babban zango, hukumomi suna da darasin Manchester da Manassas a gabansu, kuma tsallake gurabun rediyo ya kamata ya zama sharaɗin lasisi tun ranar farko.

Kafin nan, akwai gwajin da kowa zai iya yi. A saka wa rediyo batir, a kai ta inda ƙugin ya fi yawa, sannan a kashe babban makunnin gida tare da inbata. Idan ƙugin ya ɗauke, mai laifin yana cikin gida, sai a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya har a kama shi. Sau da yawa caja guda ce ko ƙwai guda, kuma canza shi ko naɗa wayarsa a zoben baƙin ƙarfe irin wanda ke jikin tsohuwar wayar kwamfuta yakan rage abin sosai. Idan bai ɗauke ba, a fita da rediyon a bi layi. Inda ƙarar ta fi tsanani a gindin wata falwaya, kada a taɓa ta, kada a jijjiga ta. A ɗauki lambarta a kai ofishin kamfanin wuta mafi kusa, a ce musu tana tartsatsi.